Jiƙaƙƙen Kwaɗo a Bakin Ramin Inji

Bayan sallar isha'i aka ɗauke wuta, kowa ya fito tsakar gida da tabarmarsa. Baffa Haladu ya zo wucewa da buta a hannu, yana ɗingishin nan nasa. Da ya isa bakin rariya sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa bango sau uku, ya ce, "Gafara, masu gida." Ya ɗan saurara, sannan ya ajiye butar.

Mudi ya toshe baki. Nasiba kuwa dariya ta kuɓuce mata.

Yaya Ladidi, 'yar wan babansu, ta ƙyale su har Baffa ya shige ɗaki. Sannan ta miƙa hannu ta murɗe kunnen Mudi.

"Dariya kuke yi wa babba ko? To ku matso. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu. Kuma ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini."

Suka matso. Ta rage murya, ta fara.

A lokacin Baffanku bai yi furfura ba, ƙafafunsa biyu kuma lafiya lau. Wani kamfanin haɗa motoci yake wa aiki, can bayan gari, gaba da layin dogo. Shekarar nan aka sayo sabon injin buga ƙarfe. Irin wanda za a shimfiɗa masa fallen ƙarfe, ya sauko sau ɗaya, dum, sai ga ƙofar mota ta fito. Tsayinsa ya kai bene hawa biyu. Ba a haɗe ake kawo shi ba, gunduwa-gunduwa tireloli ke shigowa da shi. Gindinsa kaɗai tan tamanin ne.

Irin wannan inji ba a ajiye shi a kan daɓe. Rami ake haƙa masa mai zurfin gaba uku, a zuba kankare, sannan kiren, injin ɗaga kayan nan da ke tafiya a rufin ɗaki, ya sauke gindin a ciki. Da gindin ya zauna ya toshe bakin ramin kaf. Hanya ɗaya ta rage, wata 'yar kafa a gefe mai tsanin ƙarfe, wadda mutum ɗaya ke iya bi. Marfinta ma ƙarfe ne, sai kiren ke iya ɗaga shi.

Aikin Haladu shi ne daidaitawa. Gindin na zaune a kan jak huɗu, irin na ɗaga mota amma manya, shi kuma ya shiga ƙarƙashi, yana jera siraran fallayen ƙarfe a kowace kusurwa, yana duba lebul, ma'aunin nan mai ruwa da ɗan kumfa a ciki. Idan kumfan ya tsaya tsakiya, inji ya zauna daidai. Idan kusurwa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da kaurin takarda, injin zai ci kansa kafin shekara. Kuma Haladu ya iya, wannan ba a hana shi. Matsalarsa ɗaya, ya san ya iya.

Dokar ramin guda biyu ce. Ta farko ta kamfani. Akwai allo a bakin kafar, an kafa masa ƙusoshi. Kowane ma'aikaci yana da kwaɗonsa na kulle ƙofa, da sunansa an rubuta da fenti. In za ka sauka, ka rataye. In ka fito, ka cire. Wanda ya rataye shi kaɗai ke cirewa, ko manaja bai isa ya taɓa na wani ba. Muddin akwai kwaɗo a allo ba a rufe rami. In allo ya zama fayau, to babu kowa a ƙasa. Sun yarda da allon nan fiye da yadda suka yarda da idanunsu.

Ta biyu ta Baba Gwadabe ce, tsohon da ke tuƙa kiren. Ba ya sauke komai, ko ƙaramin sanda ne, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau uku da sufana, ya ce, "Gafara, masu gida, kaya na sauka." Duk wanda ke kusa ya amsa, "A sauke lafiya." Ya soma wannan ne tun ranar da masu haƙa suka ci karo da bakin wata tsohuwar rijiya a kusurwar gabas, rijiyar da babu wanda ya san mai haƙa ta. An cika ta da duwatsu, an zuba kankare. Amma da ya bushe sai ga wata 'yar huda ta rage, kamar ta ɓera, tana hura iska mai sanyi. Aka sake toshewa, ta sake buɗewa.

Kowa na amsa wa Gwadabe, har injiniyan da ya zo daga ƙasar da aka ƙera injin ya koyi amsawa da gurguwar Hausarsa. Haladu kaɗai ba ya yi.

"Baba Gwadabe," yakan ce, "ƙarfe fa ba ya jin sallama."

"Ba da ƙarfe nake ba," in ji tsohon, ya ci gaba da aikinsa.

To kusurwa uku sun zauna ba gardama. Ta gabas ta ƙi. A takardar zane, daidai kan hudar nan aka ce a jera fallaye, kuma nan Haladu ke jerawa. Da yamma ya bar kumfa a tsakiya cif. Da safe ya tarar ya goce, kusurwar ta ɗaga sama. Ƙarfe tan tamanin, ya tashi da kansa! Ya rage falle, ya ƙara falle, ya canja lebul, ya zagi mai jak. Kwana tara ana haka. Abokan aiki suka fara kiransa Malam Kumfa, abin na ci masa rai har ba ya iya cin abinci.

Ranar Juma'a aka ce a tashi da ƙarfe goma sha biyu, sai kuma Litinin. Mutane suka wanke hannu, suka nufi masallaci.

"Haladu, mu tafi."

"Ku yi gaba, ina zuwa."

Wata dabara ce ta faɗo masa, ya ce bari ya gwada ta kafin ya manta. Ya zo bakin kafa, ya dubi allo, ya taɓa kwaɗonsa a aljihu. Ya ce a ransa, minti biyar ne. Kuma in ya rataye, wani zai gani ya ce Malam Kumfa ya koma ramin nasa. Ya bar kwaɗon a aljihu, ya sauka.

Rana tsaka ce a waje, amma a ƙasa sai da tocila. Ya rarrafa zuwa kusurwar gabas. Ya kwanta rigingine a kan dakalin kankare, ƙafafunsa a ƙarƙashin gindin inji, ya cije tocila da haƙora, hannayensa biyu cike da fallaye.

Sai ya ji daga sama. Kwan. Kwan. Kwan.

"Gafara, masu gida, kaya na sauka. Akwai kowa?"

Ya ji sarai. Amma bakinsa na riƙe da tocila, kuma dama bai saba amsawa ba. Ya ce a zuci, wannan tsoho da camfinsa. Ya ɗauka wani akwati ake saukewa can gefe.

Kiren ya yi ƙara. Ɗan hasken da ke gangarowa ta kan tsani ya tsuke, ya zama zare, ya ɗauke. Ƙasa ta girgiza sau ɗaya.

Gwadabe ya duba allo, bai ga kwaɗo ba. Ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya rufe rami kamar yadda doka ta ce, ya kashe kiren, ya bi sauran.

Haladu ya tofar da tocila. "Baba Gwadabe! Kai! Akwai mutum!"

Muryarsa ta bugi ƙarfe ta dawo masa. Ya yunƙura zai tashi, gwiwarsa ta tunkuɗe hannun jak. Jak ya yi wani dogon huci, kamar saniya za ta kwanta. Kusurwar ta sauko a hankali, ba gaggawa, ta danne masa idon sawun dama.

Nasiba ta riƙe zanen Yaya Ladidi. "Ya mutu?"

"Wa ya wuce da buta ɗazu? Yi mini shiru."

Ya ja ƙafa, ta ƙi. Ya kwance igiyar takalmi, ƙafar ba ta fita ba. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Sannan ya yi shiru, don ya gane jak bai gama sauka ba. Yana jin sa, sss, kaɗan-kaɗan, ƙarfen na ƙara nutsewa a ƙashinsa. Ya lissafa kwanakin. Juma'a, Asabar, Lahadi. Ya tuna ɗiyarsa ta fari da ba ta cika wata biyu ba. Sai ya fashe da kuka, kukan gaske, irin na wanda ya san shi ya yi wa kansa.

An kashe famfon da ke kwashe ruwan ramin, ruwa ya fara taruwa a ƙasan dakali. Ɗis. Ɗis. Tocila na kwance gefensa, haskenta ya fara ja.

Iskar hudar nan ta ƙara sanyi, tana hura masa wuya. Da ita kuma wani ƙamshi, na ƙasa jiƙaƙƙa da hayaƙin girki.

Sai ya ga mutum tsaye a bakin haske.

Dattijo ne, siriri, da shuɗiyar rigar aiki irin tasu. Amma rigar a juye take, ɗinkin a waje. Babu hular kwano a kansa. Yana tsaye cikin ruwa, ruwan kuma ko motsi bai yi ba.

Farin ciki ya kama Haladu. "Baba, taimake ni! Jak ne, ga hannunsa can!"

Leɓen dattijon ya motsa. Babu sauti. Sai da ya rufe baki, sannan muryar ta iso, ba daga gare shi ba, daga ƙarƙashin kan Haladu, ta cikin hudar.

"Kai ne mai awo."

Haladu ya juya tocila ƙasa. Dattijon ba takalmi. Yana fuskantar Haladu, amma dugadugansa ne a gaba, yatsun na kallon baya.

Ya so ya karanta addu'a, harshensa ya yi nauyi, bisimilla kaɗai ta fito.

"Karanta abinka," in ji muryar. "Mu ma muna yi."

"Me na yi muku?"

"Kun zo, kun haƙa, mun yi haƙuri. Kun zuba dutse, mun yi haƙuri. Tsohon can yana sallama kullum, muna kauda yara. Kai ne kake toshe mana ƙofa."

"Takarda ce ta ce nan."

"Takardar ta kwana a nan?"

Muryar ta ci gaba.

"Kwana tara ina ɗaga abin nan da kafaɗa, iyalina su samu hanyar fita. Da safe ka dawo ka ƙara ƙarfe. Kafaɗata ta gaji, mai awo."

Jak ya sake huci. Wani abu ya yi ƙas a cikin takalmin. Haladu ya ciji hannun rigarsa.

"Baba, na tuba. Don Allah."

"An yi maka sallama ɗazu."

"An yi."

"Ka amsa?"

"Ban amsa ba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Idanunsa ba sa ƙiftawa, haske kuma ba ya kama su.

"Ka iya aikinka?"

Duk da halin da yake ciki, Baffanku sai da ya ce, "Na iya." Ai hali ba ya barin mutum ko a bakin kabari.

"To zaunar da shi daidai, ka bar mana ƙofa. In ka iya, ka fita. In ba ka iya ba, ni zan gaji, in saki."

Ya matso, yana tafiya gaba ƙafafunsa na nuna baya. Ya sunkuya, ya sa kafaɗar hagu a ƙarƙashin gindin inji, kamar mai ɗaukar buhun gero. Ƙarfen ya yi ƙugi, ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu.

Haladu ya zare ƙafa. Bai dube ta ba, ya san in ya duba ba zai iya komai ba. Tsani na can, taku goma. Zuciyarsa ta ce masa gudu. Amma gudu zuwa ina? Marfi na rufe. Ya juyo da ciki, ya cusa kai da hannaye biyu a ƙarƙashin tan tamanin, inda babu abin da ke riƙe da shi sai kafaɗar wancan.

Ya kwashe fallayen da ke kan hudar. Ya raba su gida biyu, tari ɗaya a damanta, ɗaya a hagunta, ya bar faɗin tafi a tsakani. Sai dai dole tarin biyu su zo daidai, in ɗaya ya ɗara, shi zai ɗauki nauyin duka ya fashe. Yana cikin jerawa tocila ta yi ƙifi-ƙifi, ta mutu.

Duhu ya rufe, irin wanda ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya.

"Yi sauri," in ji muryar. Yanzu da nishi a cikinta.

Da yatsa ya ci gaba. Shekara goma sha ɗaya yana taɓa fallayen nan, ya san kaurin kowanne kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ya shafa na dama, ya shafa na hagu. Na hagu ya gaza kaɗan. Ya laluba, ya samo mafi siranta, ya ɗora. Yana jin abubuwa na wucewa ta gefen kuncinsa, ƙanana, masu sanyi, suna fita daga hudar ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ma ya tsaya ya shinshina kunnensa. Bai motsa ba. Ƙarfen ya taɓo gashin kansa.

"Mai awo."

"Saura kaɗan, Baba."

"Babu kaɗan."

Ya shafa karo na ƙarshe, ya janye hannu, ya mirgina gefe. Sai bakinsa ya buɗe da kansa, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

"Gafara, masu gida. Kaya na sauka."

Daga cikin hudar muryoyi suka amsa, da yawa, manya da yara, har da na tsohuwa.

"A sauke lafiya."

Gindin inji ya zauna. Ko ƙara bai yi ba.

Haladu ya kwanta yana haki. Can ya ce, "Baba, marfin fa? Ba mai dawowa sai Litinin."

Ya ji hannu mai sanyi ya shiga aljihunsa, ya zare kwaɗon nan mai sunansa.

"Wannan zai zauna a wurina," in ji muryar, tana nisa, tana gangarawa ƙasa. "Tunda ba ka san amfaninsa ba."

Daga nan bai sake jin komai ba sai ɗigar ruwa.

Shi kuwa Baba Gwadabe, da aka idar da salla ya dawo ɗaukar kekensa da ya jingine a cikin ɗakin aiki. Har ya kama hanya, idonsa ya faɗa kan allo, don sabo. Ya tsaya cak. Allon da ya bari fayau, ga kwaɗo rataye a ƙusar ƙarshe. Ba irin na kamfani ba ne. Tsoho ne, baƙi, na ƙirar maƙera, babu suna a jikinsa, babu ma kafar mabuɗi. Ruwa na ɗiga daga gare shi.

Tsohon bai tsaya tambayar na wane ne ba. Kwaɗo a allo, mutum a rami. Ya yar da keke, ya hau kiren da rigarsa ta Juma'a, ya ɗaga marfi.

Shi da maigadi suka cicciɓo Haladu. La'asar ko yi ba ta yi ba, amma gashin gefen kansa ya yi fari. Gwadabe na kuka yana cewa, "Na duba allo, wallahi na duba, na yi sallama." Haladu ya riƙe hannunsa, ya ce, "Na ji ka, Baba. Ni ne ban amsa ba."

Ranar Litinin injiniya ya sauka da lebul ɗinsa. Kumfa na tsakiya cif. Ya ga an raba fallaye gida biyu saɓanin takarda, ya yi ta faɗa. Ya sake aunawa ranar Talata, da Laraba. Bai goce ko da gashi ɗaya ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya sa hannu a takarda.

Sai maganar kwaɗo. Manaja ya ce a cire. Kowa ya sunkuyar da kai, don doka ta ce wanda ya rataye shi ke cirewa. Aka kawo mai yankan ƙarfe daga waje, ya dubi abin yana ɗiga a tsakiyar rani, ya tattara kayansa ya tafi. Tunda kuma akwai kwaɗo a allo, ba a rufe rami. Har yau marfin nan a jingine yake a gefe, an kewaye kafar da sarƙa. Injin na buga ƙofofin motoci dare da rana, bai taɓa cin kansa ba.

Nan Yaya Ladidi ta kai ƙarshen labarin. Tsakar gidan ya yi tsit, har ana jin ruwan randa na tsattsafowa.

Mudi ya ce, "Yaya, kwaɗon Baffa fa? Sun dawo masa da shi?"

"Ba su dawo da shi ba. Yana can ƙasa, da sunansa a jiki. Shi ya sa Baffanku ba ya kwana a ɗaki a rufe, ko ana ruwan ƙanƙara. Ya ce a wurinsu har yanzu bai fito ba." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Don haka ku ji ni. Rami, ko rijiya, ko ƙarƙashin wani abu mai nauyi, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai ba wanda ya sani, ko da rana tsaka ne. Kuma in aka yi sallama, ko ba ku ga mai yi ba, ku amsa."

Ƙofar ɗakin Baffa na buɗe kamar kullum. Suka ji motsinsa a ciki, zai kwanta. Ya ƙwanƙwasa ƙafar gado sau uku.

"Gafara, masu gida."

Babu wanda ya yi dariya. Mudi da Nasiba suka haɗa baki, "A sauke lafiya, Baffa."

Yaya Ladidi ba ta ce komai ba. Ta dai jawo su jikinta, tana kallon bakin rariya, don ita murya uku ta ji.